In karatu ya cakuɗe maka a jami'a, ga ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

Muna aji biyu taifot ta kwantar da wani abokin ɗakina ana saura kwana huɗu a fara jarrabawa, da jiki ya ƙi daɗi sai yayansa ya zo da mota ya kwashe shi zuwa gida, can aka yi ta masa ƙarin ruwa a wani kemis na unguwa har Allah ya ba shi lafiya. Mu kuma da muke ɗaki ɗaya ba wanda ya yi tunanin zuwa ya faɗa wa sashe, addu'a dai muke ta yi muna kiran waya muna ya jiki. Bayan sati uku ya dawo da ledar kwalayen magani a hannu wai ita ce shaidarsa, jami'in jarrabawa ya kalli ledar ya kalle shi ya ce ina takarda? Babu. Kos shida suka fito masa da F, shekara guda ta ƙaru a kan karatunsa, kuma wallahi ba mugunta aka yi masa ba, mutumin ba shi da abin da zai ɗora a fayil ne kawai.

Tun daga ranar na gane jami'a ba ta jin kuka da baki, takarda take ji, kuma kowace irin matsala da ƙofarta. To ƙanena da ƙanwata bari in ɗan zagaya da ku.

Mutum na farko da ya kamata ka sani tun satin da ka gama rijista shi ne lebul kodineta ɗinka, wasu makarantun adibaiza suke ce masa, malamin da aka ɗora wa alhakin 'yan ajinku. Duk abin da ya shafi kos nasa ne, ka yi rijistar kos ba daidai ba, kariyoba, wato kos ɗin da ka faɗi kake maimaitawa, ta yi maka karo da wata lakca, yunit ɗinka sun wuce ƙa'ida, kana son cire wani kos ka saka wani kafin a rufe fotal, duk wajensa za ka fara. Yawancinmu ba ma zuwa sai ranar sa hannu a fom, alhali shi ne zai iya kallon sakamakonka ya ce maka kai wannan samistar rage kaya, kar ka ɗauki kos goma kana da kariyoba uku. In CGPA ɗinka, wato matsakaicin makinka na duk samistocin da ka yi, ya fara gangarowa kar ka jira sai ka ga sunanka a furobeshin, matakin gargaɗi kafin kora, a wasu makarantun ƙasa da 1.0 ne a wasu 1.5, duba littafin dokokin ɗalibai na makarantarku, wannan ɗan littafin da aka raba muku ranar wayar da kai kuka jefa ƙasan akwati. A ciki za ka ga ma akwai iyakar shekaru, kos mai shekara 4 yawanci ba a wuce 6, in ta cika ko kos ɗaya ya rage maka sai dai haƙuri.

In sakamako ne bai fito ba, ka zauna jarrabawa amma an rubuta ba ka zo ba, ko makin tes ɗinka ya ɓace, wannan na jami'in jarrabawa na sashe ne, kuma shaidarka ita ce takardar da ka sa hannu a ɗakin jarrabawa da katin jarrabawarka, dan Allah kar ka yar da katin nan sai ka karɓi shaidar kammalawa. Daga shi sai HOD wato shugaban sashe, daga HOD sai shugaban tsangaya, daga nan sai Sanet wato majalisar malaman jami'a, ita ce mai magana ta ƙarshe a kan sakamako. Kar ka tsallake mataki, na sha ganin ɗalibi ya fusata ya tafi kai tsaye ofishin shugaban jami'a ko ya sa wani kawunsa babba ya buga waya, ƙarshe takardar nan sai ta gangaro ta dawo teburin mutumin da ka tsallake, kuma yanzu ransa a ɓace yake.

Ita wasiƙar ba wani abin wahala ba ce. Ka rubuta wa wanda ke da ikon yanke hukunci, ta hannun waɗanda ke ƙasa da shi, ka sa cikakken sunanka da lambar rijistarka da ajinka da lambar kos ɗin, ka faɗi abin da ya faru a layi huɗu ko biyar, sannan ka faɗi abin da kake roƙo a fili, ban da dogon labari ban da zargin kowa. Ka yi fotokwafi biyu, in ka miƙa ka roƙi sakatare ya buga maka sitamfi da kwanan wata a kwafinka, ka ɗauki hotonsa a waya ka tura wa kanka a WhatsApp. Fayil na ɓacewa a ofis, wannan ba labari ba ne. Sannan ka girmama sakatare da masinja, gaisuwa mai kyau ta safe tana sa takarda ta yi tafiya fiye da yadda kake zato, su ne suka san ranar da oga ke zama da ranar da bai shigowa.

Mu koma kan rashin lafiya tunda da ita na fara. A cikin kuɗin makarantar da kake biya akwai na lafiya, a makarantu da yawa ƙarƙashin tsarin inshorar ɗalibai da ake kira TISHIP, amma ba zai amfane ka ba in ba ka je kilinik ɗin makaranta ka buɗe kati ba, kuma ranar da zazzaɓi ke kaɗa ka ba ranar bin layin buɗe kati ba ce, yi shi da lafiyarka. In ciwo ya kama ka lokacin jarrabawa kilinik ɗin makaranta za ka fara zuwa, in kuma a gida ya same ka to asibitin gwamnati, ka karɓo rahoton likita mai sitamfi, a kai wa likitan makaranta ya tabbatar da shi, sannan wani naka ya kai wasiƙa sashe a cikin kwanakin, ba sai ka warke ba. Mai sikila ko asma ko farfaɗiya, da mai juna biyu da haihuwarta za ta iya faɗowa cikin jarrabawa, su sanar tun farkon samista. Kuma akwai abin da ake kira difamen, wato ka nemi izini a rubuce a jingine maka samista ko shekara, ka dawo ka ɗora daga inda ka tsaya. Bambancinsa da ɓacewa kawai shi ne wanda ya ɓace F ake zuba masa.

Sai kuɗi, wanda gaskiya shi ne ya fi korar yara daga makaranta musamman daga 2023 da aka cire tallafin mai kuma jami'o'i da yawa suka ƙara kuɗin rijista. Akwai bashin karatu na NELFUND da aka buɗe fotal ɗinsa a watan Mayun 2024, na ɗaliban makarantun gwamnati ne, babu kuɗin ruwa a ciki, wanda na san shi ne tambayar farko da iyayenmu za su yi. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, na kashewa kuma naira 20,000 a wata zuwa asusunka in ka nema, biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa. Za a nemi lambar JAMB da NIN da BVN da lambar rijistarka, kuma inda ake yawan maƙalewa shi ne sunanka a NIN daban a JAMB daban, ko makaranta ba ta ɗora bayananka ba, wannan a sashen kwamfuta na makarantarku ake gyarawa, kar ka ba wani ɗan kafe ko sisi wai zai saka ka a layi. Amma bashi ne fa, ba kyauta ba, ka shiga da saninka. Ban da shi akwai hukumar sikolashif ta jiharku, kuɗin ba yawa kuma yakan makara amma cike fom ba ya cin komai, akwai ƙungiyar ɗaliban jiharku ko ƙaramar hukumarku da suka fi kowa saurin jin an buɗe, sannan ƙungiyar ɗalibai Musulmi MSSN da ta Kirista FCS sukan yi karo-karo wa wanda rijista ta gagara. Ni dai na san kunya ce ke hana mu, mutum ya gwammace ya kwana uku yana jiƙa gari da ya buɗe baki, to ran wanka ba a ɓoyon cibi, ka faɗa tun fotal na buɗe.

Matsalar hostal, rigimar abokan ɗaki, sata, barazanar 'yan daba, duk na ofishin kula da harkokin ɗalibai ne, wanda kowa ke ce wa Situden Afiyas, tare da jami'an tsaron makaranta.

Akwai kuma wadda ba a son faɗa, ta zuciya. Ka daina barci, ka daina cin abinci, ka karanta shafi ɗaya sau biyar ba abin da ya zauna, ka daina fita lakca kana kwance kana kallon silin sati biyu uku. A wajenmu da an ji haka sai a ce sammu ne ko aljanu ko raunin imani. Yi addu'arka, je wajen limamin da ka yarda da shi, amma ka haɗa da zuwa ofishin ba da shawara na makaranta, yawancin jami'o'i suna da shi kuma kyauta ne, ko ka faɗa wa likitan kilinik ya tura ka gaba, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau a Kano da Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da kuma Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Wanda ya fara shan tiramol ko kodin wai don ya iya karatun dare shi ma nan ne wajensa tun kafin abin ya fi ƙarfinsa. In kuwa abokinka ya fara maganar gara ya mutu ya huta, kar ka ce wasa yake kuma kar ka riƙe masa sirri, zauna da shi, kira wani babba, ku kai shi kilinik a daren.

Ƙanwata, ke kuma in malami ya fara kiran ki ofis shi kaɗai da yamma, yana turo saƙon da bai dace ba yana haɗawa da maganar maki, kar ki goge komai, ajiye saƙonnin da lokutan kira, ki faɗa wa mutum ɗaya da kika amince da shi, ki daina shiga ofishin ke kaɗai. In shi ne kodinetan ko HOD ɗin, a nan kam tsallakewa ya halatta, ki kai wa shugaban harkokin ɗalibai ko kwamitin da makaranta ta kafa don irin wannan, ko wata babbar malama mace. In makarantar ta ƙi sauraro akwai ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, ita ce ta gurfanar da wani farfesa na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife aka ɗaure shi shekara 2 a Disambar 2018, kuma muryarsa da ɗalibar ta naɗa a waya ce ta tona shi.

In kuma takardarka ce ta kwana wata biyu a teburi ba amsa, a jami'o'in tarayya akwai teburin SERVICOM da aka ajiye don ƙorafin jan ƙafa, ka je da kwafin nan mai sitamfi, su ma farkon abin da za su tambaye ka kenan, yaushe ka miƙa kuma wa ya karɓa.