Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Saro Kaya daga Ƙasashen Waje

Ƙarfin mai saro kaya daga waje yana cikin kuɗin da bai riga ya tura ba. Da zarar ciko ya bar asusunka, sai abin da mai kaya ya ga dama, kuma kai ƙara a kotun wata ƙasa kan kwantena ɗaya ba kasafai yake biyan wahalarsa ba. Yawancin kurakuran nan sakin wannan ƙarfi ne tun lokaci bai yi ba.

Na farko shi ne rashin sanin wanda ake ciniki da shi. Mutum ya ga tambarin Gold Supplier a Alibaba, shafin saro kaya ta intanet, sai hankalinsa ya kwanta, alhali tambarin na waɗanda suka biya kuɗin rajista ne, ba shaidar ingancin kaya ba ne. Ka nemi hoton lasisin kasuwancinsu. A ƙasar Sin kowane lasisi yana ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 18, kuma za ka iya duba ta a shafin gwamnati na gsxt.gov.cn ka ga sunan kamfanin, shekarar rajista da irin sana'ar da aka ba shi izini. Idan babu ƙera kaya a ciki, dillali ne, ko da ya cika shafinsa da hotunan injina. Dillali ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ya fi dacewa da mai ƙaramin oda, amma ka san cewa ba shi da iko a kan masana'antar. Ka kira su ta bidiyo ba tare da sanarwa ba, ka ce a nuna maka allon ƙofar shiga da inda ake aikin.

Wajen biya ne ake yin asara mafi zafi. Wata damfara da ta yawaita ba ta buƙatar kamfanin bogi. Ɓarayi ne ke kutsawa cikin imel ɗin mai kayanka na gaskiya, su yi makonni suna karanta hirarku, sai ranar biya ta matso su turo maka takardar kuɗi mai tambari da sa hannu iri ɗaya, da bayanin cewa ana binciken tsohon asusu, a tura kuɗi wannan sabon. Adireshin imel ɗin ma harafi ɗaya aka sauya, an sa 1 a gurbin l, ido ba ya kamawa. Maganinsa: duk saƙon da ya ce asusu ya canza, ka ɗauke shi ƙarya ne har sai ka kira lambar wayar da kake da ita tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba. Idan kuɗin ya riga ya tafi, ka sanar da bankinka nan take ya nemi a dawo da shi, domin da an kwashe shi daga asusun can magana ta ƙare.

Sunan da ke kan lasisi, da na takardar kuɗi, da na asusun banki su zama ɗaya. Kada ka tura kuɗin oda zuwa asusun mutum, ko ta Western Union. Tsarin da aka saba shi ne kashi 30 cikin 100 kafin alƙalami, kashi 70 bayan an duba kaya. Kariyar Trade Assurance kuwa, wadda Alibaba ke ba mai saye, tana aiki ne kawai idan an buɗe odar an kuma biya ta cikin Alibaba. Wanda ya yi maka ɗan rangwame don ku koma WhatsApp ku biya a gefe, kariyar ce ya saye daga hannunka da arha.

Sai kuskuren cewa "a yi mini mai kyau". Wannan kalma ba ta ɗaure kowa. Masana'anta za ta cike duk gurbin da ka bari da abin da ya fi mata sauƙi, musamman idan ka matse ta a farashi har ribarta ta ƙare, domin daga jikin kayan za ta fanshe. Ka rubuta komai da lamba. Idan ƙarfen da ba ya tsatsa ne, ka ce nau'in 304, in ba haka ba za a ba ka 201, wanda a ido ɗaya suke amma shi ya fi saurin tsatsa. Idan wayar lantarki ce, ka ce zallar tagulla, don akwai alminiyon da ake yi wa rufin tagulla, sai ka kankare shi da wuƙa farin cikinsa ya bayyana. Yadi a faɗi nauyinsa giram nawa a kowace murabba'in mita, launi a ba da lambarsa ta kundin launuka na Pantone, kwali a ce mai ninki biyar ko uku. Samfurin da ka amince da shi a yi guda uku a sa musu hannu: ɗaya wurinka, ɗaya a masana'anta, ɗaya wurin mai duba kaya. Ka kuma tuna cewa samfur gwanin ma'aikata ne ya yi shi a natse, kayan oda kuwa kowa da kowa ne zai yi su cikin gaggawa.

Shi ya sa barin duba kaya don tsimin kuɗi ba tsimi ba ne. Kamfanoni irin su SGS, Intertek da Bureau Veritas suna tura mutum masana'anta idan an gama ƙera kayan kuma an shirya aƙalla kashi 80 a kwali. Ba sa duba kowane guda. Suna bin ma'aunin AQL na ISO 2859-1, wato iyakar aibin da za a lamunta: a odar guda 2,000, a matakin duba na II, ana zaɓar guda 125. Idan kun yi yarjejeniya a kan AQL 2.5, in manyan aibobi ba su fi 7 ba an karɓi kayan, in sun kai 8 an ƙi su gaba ɗaya. Mai duban ne zai zaɓi kwalayen da kansa, har daga can ƙuryar tari, ba waɗanda aka jera masa a bakin ƙofa ba. Ka sa a yarjejeniya cewa idan kaya sun faɗi, masana'anta za ta gyara ta kuma biya kuɗin sake dubawa. Kada kuma ka daina bayan oda ta farko ta yi kyau. A ta uku ko ta huɗu ne roba ke fara sirancewa, zare ya ragu, ba tare da an gaya maka ba.

Farashin da ba a haɗa shi da sharaɗin kai kaya ba, ba farashi ba ne. A ƙa'idojin kai kaya na ƙasa da ƙasa, Incoterms 2020, EXW na nufin kai za ka ɗauka daga ƙofar masana'anta, har da takardun fitarwa. A FOB mai kaya ne zai ɗora su a jirgi. CIF ya fi ruɗar mutane: mai kaya ya biya jigila da inshora, amma haɗarin ya koma kanka tun daga lokacin lodi, kuma inshorar da aka wajabta masa mafi ƙanƙanta ce, ba ta ɗaukar sata. Ga kuma kuɗaɗen tashar sauka da kan fito daga baya. Ka nemi wakilin jigilarka ya ba ka lissafi har ƙofa kafin ka kwatanta farashi biyu.

Takardun shaida ma ana ƙirƙirarsu. Idan an turo maka rahoton gwaji, ka aika lambarsa ga ɗakin gwajin da ya bayar, ka kuma duba ko sunan masana'anta da lambar kayan sun yi daidai da naka. Kaya masu batirin litiyam suna buƙatar shaidar gwajin UN 38.3 kafin a yi jigilarsu. Kaya masu tambarin babban kamfani a rabin farashi jabu ne, kuma kwastan na iya ƙwace su.

Ka kula da lokaci. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu kan rufe na makonni, kuma kayan da aka yi gab da hutun ko da dawowarsa, lokacin da sababbin ma'aikata ke koyon aiki, su suka fi yawan aibi. Odar da kake so kafin hutun, ka ba da ita da wuri yadda za a duba ta a gyara kafin ma'aikata su watse.