Kitsen ɓera mai ciki: darasi na 9 zuwa na 11

Darasi na 9

Sannunku da zuwa. Kowa ya ɗora yatsa ƙarƙashin kalmar farko mu karanta tare: KI-TSE. Kitse, wannan farin da mahauci ke yankewa a jikin nama. Ɓeran kuma ba na rumbu ba ne, fari ne mai jan ido da masana ke kiwo a ɗakin gwaji, akwai irin da ake kira Wistar, daga Amurka ya fito tun 1906.

Cikin macen ɓeran kwana 21 zuwa 23 ne kacal. Ku rubuta 21, biyu tukuna sannan ɗaya, kar ya koma 12. Yawwa, madalla.

Sati biyun farko tarawa take yi. Cinta ya ƙaru, 'ya'yan kuma ba su kai komai ba tukuna, sai jiki ya riƙa maida rarar abincin kitse yana ajiyewa a kewayen ƙoda da mahaifa.

To a nutsu, nan ne kullum ake tuntuɓe. A sati na uku ciki yana girma amma kitse raguwa yake. Na sake: ciki na girma, kitse na raguwa. Dalili shi ne lokacin ne 'ya'yan ke girma da sauri, jikin uwar sai ya rage jin insulin, wato sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka da kitse, sugan ya tsaya a jini ya wuce wa 'ya'ya, ita kuma ta koma ƙona ajiyarta, har mai ya yi yawa a jininta, wani ya tafi nono.

Mu faɗa tare, ba kunya, wanda ya yi kuskure ya sake. Ciki na girma, kitse na raguwa.

Haba jama'a, jiya sau huɗu na faɗa amma rabin aji suka rubuta “yana ƙaruwa”, wai ai ta fi nauyi. Nauyin na 'ya'ya ne! Baba da ke baya, don Allah a aje wayar nan. Sati na uku, kitse na me? Raguwa.

Darasi na 10

Bayan haihuwa tana shayarwa wajen kwana 21, kitsen ya ci gaba da raguwa don nono na janye shi. Karanta sau biyu.

Darasi na 11

Rubuta: kitse, ɓera, nono, 21. A kawo ranar Laraba.