Yadda Ake Tantance Ra'ayoyin Masu Bindigar Ja-Miƙe Ta Zubin AR-15 Kafin A Saya

Bindigar ja-miƙe ita ce wadda maharbi yake jawo sakatarta baya kai tsaye da hannunsa bayan kowane harbi, ba tare da ya ɗaga mariƙin sama ya juya shi ba kamar yadda ake yi da bindigar farauta ta gargajiya. Wannan dabara tsohuwa ce, domin sojojin Suwizalan sun riƙe Schmidt-Rubin tun 1889, daular Ostiriya da Hungari kuma ta yi amfani da Mannlicher ta 1895. Abin da yake sabo shi ne ƙera irin wannan bindiga da sassan AR-15, wadda Eugene Stoner ya tsara a kamfanin ArmaLite a shekarun 1950 domin ta riƙa ɗura wa kanta harsashi da ƙarfin iskar albarushi. Idan aka rasa wannan iska, hannun mutum ne yake maye gurbinta, kuma kusan duk yabo da sukar da masu irin wannan bindiga suke yi daga nan suka samo asali.

Birtaniya ce ƙasar da wannan nau'i ya fi kafuwa, kuma doka ce ta jawo hakan. Bayan kisan da aka yi a garin Hungerford a 1987, dokar makamai ta 1988 ta haramta wa farar hula mallakar dogayen bindigogi masu ɗura kansu, in ban da masu cin ƙaramin harsashin .22 mai tashi ta gefe. Masu wasan harbi da suke son zubin bindigar soja sai suka koma ga ja-miƙe, kamfanoni irin su Southern Gun Company da Bradley Arms suka shiga ƙera ta, kamfanin Schmeisser na Jamus ma ya fitar da tasa. A Ostireliya, inda aka tsananta doka bayan kisan Port Arthur na 1996, an ga irin wannan sauyi, sai dai wasu jihohin ƙasar suna iya hana bindiga saboda kamanninta da ta soja kawai, ko da da hannu ake sarrafa ta.

Saboda haka matakin farko, tun kafin ka saurari ra'ayin kowa, shi ne ka tabbatar da matsayin bindigar a dokar ƙasar da kake zaune. A Birtaniya ƙa'idar ita ce bindigar da aka taɓa ƙerawa a matsayin haramtacciya tana nan a haramtacciya ko da an sauya ta daga baya, don haka halastacciyar ja-miƙe ita ce wadda aka ƙera a haka tun daga tushe, da bututun da ba a taɓa huda masa ƙofar iska ba. Dokar 2019 ta ƙara haramta waɗanda suke amfani da iskar albarushi wajen zaro kwanso sannan su jira maharbi ya saki sakata, lamarin da ya sa tsofaffin ra'ayoyi masu yabon irin waɗannan ba su da amfani ga mai saye a yau. Bututu da sakata da gangar jikin bindiga duk sassa ne da doka take sa wa ido a can, saɓanin Amurka inda dokar tarayya ta fi mayar da hankali kan ɓangaren ƙasa na gangar jiki. Mai lasisi ya kamata ya sayi bindigarsa a hannun dillali mai rajista, ya bar duk wani aiki da ya shafi waɗannan sassa ga maƙerin da doka ta amince masa.

Bayan wannan, duk ra'ayin da ka ci karo da shi ka fara da tambayar me mai shi yake yi da bindigar. Wanda yake shiga gasar bindigar soja ta farar hula a filin harbi na Bisley da ke Ingila, inda ake harbi daga yadi 100 har zuwa 500, a tsaye da durƙushe da kwance, kuma cikin ƙayyadadden lokaci, yana auna bindiga da saurin sake ɗuri da yadda idonsa yake zama a kan saiti. Wanda yake zaune a benci yana harbi ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa ba zai taɓa gamuwa da rabin matsalolin da na farkon yake kuka da su ba, kuma yabonsa, duk da cewa gaskiya yake faɗa, bai amsa tambayar mai son gasa ba. Mafarauci shi ma da nasa ma'aunin, wato nauyi da ƙarar da sakata take yi a daji, ga kuma cewa a Ingila da Wales harsashin .223 bai halatta ga farautar barewa ba sai ƙananan nau'i biyu kawai. A ganina, ra'ayin da bai faɗi irin harsashin da aka harba da yanayin da aka harba shi ba, bai cancanci a gina shawara a kansa ba.

Inda ya kamata ka fi dadewa shi ne batun zaro kwanso, domin nan ne raunin wannan tsari yake. Idan aka yi harbi, kwanson tagulla yana kumbura ya manne da bangon gurbinsa. A bindigar gargajiya, ɗaga mariƙi sama yana aiki kamar yadda ake ɓanɓare ƙusa da bayan guduma: wani gangaren ƙarfe yana ninka ƙarfin hannu, ya ɓalle kwanson daga mannewar kafin a fara ja baya. Sakatar AR-15 ba ta da wannan taimako. Tana da haƙora 7 da suke kullewa a gindin bututu, tana juyawa digiri 22.5 kacal kafin ta buɗe, kuma an tsara ta ne da sanin cewa iska mai matsanancin ƙarfi ce za ta banko ta baya. A ja-miƙe, yatsun maharbi ne za su buɗe kullin su kuma ɓalle kwanson a ja guda. Idan komai ya daidaita, jan yana da laushi har mutum ya yi mamaki. Idan kuwa kwanso ya kafe, sai ka ga maharbi yana dukan mariƙi da tafin hannu, lokacin gasa yana wucewa.

Wannan ne ya sa za ka ji mutum biyu masu bindiga iri ɗaya, ɗaya yana cewa ba ta taɓa ba shi wahala ba, ɗayan yana cewa ta gallabe shi, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Bambancin yakan kasance a harsashi. Harsashin soja na 5.56 yakan fi na .223 Remington matsin iska idan aka harba shi a matsattsen gurbi, saboda haka ya fi kafewa, kuma ba a ba da shawarar harba shi a gurbin da aka yanka domin .223 kaɗai ba. Gurbin da ake kira Wylde an tsara shi ne domin ya karɓi duka biyun. Harsashi mai kwanson ƙarfe, wanda ake so saboda arha, shi ma yawancin masu ja-miƙe suna kuka da shi, domin ƙarfe ba ya komawa girmansa bayan kumburi kamar yadda tagulla take yi. Zafi da datti suna ƙara tsananta lamarin, shi ya sa bindigar da take da laushi a harbi biyar na farko takan yi tauri bayan an zazzage magazin biyu a jere. Masu haɗa harsashinsu da kansu sukan fi kowa yabon bindigar, saboda suna zaɓar ma'aunin albarushi matsakaici daga littattafan masana'anta, suna kuma mayar da kwanso cikakken girmansa, kuma dole ka tuna da hakan idan kai harsashin kanti za ka dogara da shi. Duk abin da aka faɗa a nan yana ninkuwa a babbar yayarta mai cin .308, wadda kwansonta ya fi faɗi, mannewarsa kuma ta fi ƙarfi.

Sai batun gefen da mariƙi yake, wanda masu bindigar ba su taɓa yin ittifaƙi a kansa ba. Mariƙin asali na AR-15, wanda yake can baya kusa da fuskar maharbi, an yi shi ne domin ɗurin farko kawai, kuma wanda zai ja shi bayan kowane harbi dole ya ɗaga kumatunsa daga ƙota, saitinsa ya ɓace. Don haka kusan kowa ya yarda cewa mariƙin gefe ya fi. Ga mai harbi da dama, mariƙin hagu yana barin hannun dama a kan kunama, kuma yana da sauri sosai idan bindigar tana kan ƙafafun jingina ko buhun yashi. Amma idan a tsaye ake harbi, hannun hagu ne yake ɗauke da nauyin gaba, kuma da zarar ya saki sai bakin bindiga ya sunkuya. Masu son mariƙin dama suna kafa hujja da wannan, suna ƙarawa da cewa hannun da ya fi ƙarfi shi ya kamata ya yi fama da kwanson da ya kafe. Akwai masu mariƙi a gefe biyu, kuma ga wanda bai riga ya san salon harbinsa ba ina ganin ita ce zaɓi mafi aminci, ko da ta ɗan fi tsada. Ka kuma lura da girman mariƙin da yadda aka ɗaure shi da sakata, domin ƙorafin kwancewar mariƙi da cin yatsa yana yawan fitowa daga bakin masu harbi da yawa.

Akwai kuskure guda da sababbin masu ita suke yi sannan su ɗora wa bindigar laifi. A mafi yawan waɗannan bindigogi sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai turawa, shi ne yake mayar da sakata gaba, don haka abin da ake so shi ne a ja ta har ƙarshe da ƙarfi sannan a sake ta gaba ɗaya. Wanda ya raka ta gaba a hankali yakan bar ta ba ta kulle sosai ba, wanda kuma ya yi gajeren ja yakan bar kwanso a ciki ko ya kasa ɗauko sabon harsashi. Idan ka karanta ƙorafin rashin ɗuri daga wanda bai daɗe da saye ba, ka ajiye wannan a ranka.

Game da daidaiton harbi, yabon da ake yi yana da tushe, domin bututun da babu bututun iska a jikinsa, kuma ba ya taɓa mariƙin gaba, yana girgiza iri ɗaya a kowane harbi. Sai dai ka nemi adadi. Ma'aunin da aka saba da shi, wato minti ɗaya na kusurwa, ya yi daidai da kusan santimita 2.9 a nisan mita 100, kuma rukunin harbi uku da aka zaɓo mafi kyau ba hujja ba ne. Rukunin biyar ko goma da aka maimaita shi ne abin dogaro. Ka tambayi murɗin cikin bututu, domin mai juyi ɗaya a inci 12 ya dace da harsashi mara nauyi irin mai giren 55 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), yayin da mai giren 69 ko 77, wanda masu harbin nesa suke so saboda iska ba ta cika kaɗa shi ba, ya fi dacewa da juyi mai sauri, kamar ɗaya a inci 8 ko 7.

Sauƙin sauya sassa gaskiya ne: kunama da ƙota da mariƙin hannu da magazin suna samuwa daga kamfanoni masu yawa, layin Picatinny, wato layin da ke saman bindiga inda ake ɗaura saiti, shi kuma yana karɓar kusan kowane madubin saiti. Tsafta ma haka, tunda hayaƙi ba ya komawa cikin sakata. Abin da masu yabo ba su cika ambata ba shi ne ɓangaren sama da abin da yake ɗauke da sakata galibi na kamfanin da ya ƙera ne shi kaɗai, saboda tsagar mariƙin gefe, don haka ka bincika ko kamfanin yana nan da ransa kuma yana sayar da kayan gyara.

Ya dace kuma ka kwatanta ta da bindigogin da aka tsara a matsayin ja-miƙe tun farko, irin su Blaser R8 ta 2008 ko Beretta BRX1 ta 2021, waɗanda aka gina sakatarsu domin hannun mutum. Idan farauta ce buƙatarka, ko harbin nesa cikin natsuwa, su ko bindigar gargajiya za su fi yi maka aiki. Idan kuwa gasar da ake sauya tsayuwa da magazin cikin sauri kake nufi, zubin AR-15 yana da fifikon da ba a musunsa.

Kafin ka biya kuɗi, ka je ƙungiyar harbi mai rajista ka roƙi wani mamba ya ba ka tasa ka gwada a ƙarƙashin kulawar jami'in fili, da irin harsashin da kai za ka riƙa saya. Ka harba aƙalla magazin biyu domin bututun ya ɗauki zafi, ka gwada a kwance da kuma a tsaye, ka lura ko kumatunka suna barin ƙota lokacin ja. Ka ɗebi kwansunan ka duba ko akwai ƙarzuwa a jikinsu, domin hakan yana nuna gurbin da ba a goge shi da kyau ba. Idan ta hannu ce za ka saya, ka duba tambarin gwajin ƙarfi na gidan gwaji na Landan ko na Birmingham ko na wata ƙasar da aka amince da ita, sannan ka nemi dillalin ya tabbatar maka a rubuce cewa a matsayin ja-miƙe aka ƙera ta tun ranar farko.