Darasi na 7: Jariri da Mai Jego a Watanni Shida na Farko

Ranar da aka haihu, mutum biyu ne suka sha wuya, uwa da ɗa. Amma da an shigo ɗaki idon kowa kan jariri yake faɗawa. A ɗauke shi, a duba hancinsa, a ce da wane yake kama. Ita kuwa wadda ta haife shi, sau da yawa "sannu" kawai take samu. A wannan darasi za mu riƙa duban su biyun tare, domin lafiyar ɗayansu a ɗaure take da ta ɗayan. Darasin na mata ne, kuma na maza ne. Maigida, kada ka ce wannan zancen ɗaki ne, domin idan abu ya taso da tsakar dare, kai ne za a tasa.

Nauyin jariri da katin awo

Yawancin jariran da suka cika wata tara ana haifarsu da nauyin kilo 2.5 zuwa kilo 4. Wanda bai kai kilo 2.5 ba yana buƙatar kulawa ta musamman, musamman ɗumi. Hanya mafi sauƙi ta ɗumama shi ita ce a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, fata ta taɓa fata, a lulluɓe su tare.

Ga abin da yake tayar wa iyaye da yawa hankali. A kwanaki uku zuwa huɗu na farko nauyin jariri raguwa yake yi. Wannan ba ciwo ba ne. Ruwan da ya zo da shi a jiki ne yake fita, ga kuma baƙin kashin nan mai danƙo na farko. Raguwar kada ta wuce kashi 10 cikin 100. Mu yi lissafi tare: jaririn da aka haifa da kilo 3 yana da giram 3000 ke nan. Kashi 10 cikin 100 na 3000 shi ne 300. To, idan sikeli ya nuna giram 2800 a kwana na huɗu, babu damuwa. Idan ya faɗi ƙasa da 2700, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Kafin ya cika sati biyu ya kamata ya koma nauyinsa na haihuwa. Daga nan yakan ƙara kamar giram 150 zuwa 200 a kowane sati a watanni ukun farko. Wajen wata biyar nauyinsa ya ninka biyu, a shekara ɗaya kuma ya ninka uku.

Don haka katin awo ba takardar ajiya a ƙasan akwati ba ce. Ku buɗe shi ku karanta. Kowane ɗigo da aka yi a ciki awo ɗaya ne. Idan an haɗa ɗigogin da layi, abin da ake so shi ne layin ya riƙa hawa. Layin da ya miƙe bai hau ba, ko wanda ya sunkuyo, yana neman a tambayi dalili. Kada ki auna ɗanki da ɗan wata. Ki auna shi da awonsa na watan jiya.

Nono

Ruwan nono na farko ɗan kaɗan ne, mai kauri, mai ɗorawa-ɗorawa. Shi ake kira dakashi. Ba gurɓataccen nono ba ne, kuma kada a matse shi a zubar. Yana cike da abubuwan da ke kare jariri daga cututtuka, kuma ƙanƙantarsa daidai take da cikin jariri, wanda a ranar farko bai fi cokali ɗaya ko biyu yake ɗauka a sha guda ba. A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Zuwa kwana na uku ko na huɗu nono yakan kawo sosai.

Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da shawarar nono zalla har wata shida, sannan a fara ƙara abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Zalla na nufin ko ruwa ba a bayarwa, sai dai magani idan likita ya rubuta. A nan ne ake yawan gardama a aji, don haka bari mu saurari wata mai jego da ma'aikaciyar jinya.

"Malama, yaron nan ba ya jin ƙishi kuwa? Ni babba ma ba na iya yini ban sha ruwa ba."

"Yana ji mana, 'yar uwa. Amma ruwansa yana cikin nonon. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Wanda yake fara zuwa idan ya kama tsararo ne, yana kashe ƙishi. Na ƙarshe ya fi maiƙo, shi ke ƙosar da shi."

"To idan na ba shi ɗan kaɗan fa, don hankalina ya kwanta?"

"Cikinsa ƙarami ne. Wurin da ruwa ya shiga, nono ba zai shiga ba. Idan ya rage tsotso, nonon ma sai ya ragu. Ga kuma gudawa idan ruwan ba mai tsabta ba ne. Ke ce za ki sha ruwan, shi kuma ya sha nono."

Jariri sabo yana shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Mata da yawa suna cewa nononsu ba ya isa, alhali yana isa. Ba a gane wannan da kuka, ana ganewa da fitsari da sikeli. Daga kwana na biyar, idan yana jiƙa nafkin sau shida ko fiye a rana, kuma nauyinsa na hawa, to yana samu. Idan kan nono yana tsagewa ko yana zafi sosai, yawanci kamun ne bai yi daidai ba. Ya buɗe baki sosai, haɓarsa ta taɓa nonon, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan, kada ya tsotsi kan kaɗai.

Cibiya, ido da numfashi

Cibiya takan bushe ta faɗi da kanta cikin sati ɗaya zuwa biyu. A bar ta a bushe, a tsabtace, kada a shafa mata komai sai abin da asibiti suka bayar. Jan da ke bazuwa a fatar ciki, ko mugunya mai wari, alamar cuta ce.

Jarirai da yawa idonsu da fatarsu sukan yi ɗorawa daga kwana na biyu zuwa na huɗu, wato shawara. Mafi yawa tana wucewa. Amma idan ta bayyana a rana ta farko, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko ta sa jariri ya yi laushi ya daina tsotso, a tafi asibiti ba tare da jira ba, domin mai tsanani tana iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Akwai aikin da kowa a ajin nan zai iya koya yau: ƙidaya numfashi. Jariri yana kwance shiru, ba yana kuka ba, ka ɗaga rigarsa, ka dubi agogo, ka ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti ɗaya cur. Ga wanda bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi sauri. Ka sake ƙirgawa. Idan har yanzu haka ne, a kai shi asibiti. Haka ma idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sosai, ko ya ƙi nono, ko yana jijjiga, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko ba ya motsi sai an taɓa shi. Ciwon jariri ba ya jiran gari ya waye.

Yadda yake wayo

A satuttukan farko barci ne aikinsa, kamar awa 14 zuwa 17 a rana, amma guntu-guntu. A riƙa kwantar da shi rigingine, a shimfiɗa mai ƙarfi, babu matashi ko tarin zannuwa kusa da fuskarsa, kuma nesa da hayaƙi. Idonsa ya fi ganin abin da ke kamar santimita 20 zuwa 30 daga gare shi, wato daidai nisan fuskar uwarsa lokacin da yake shan nono. Wajen sati shida zuwa takwas zai mayar da murmushi. A wata uku zuwa huɗu wuyansa ya tsaya, ya fara gwaranci, yana kai hannu ga abu. Tsakanin wata huɗu da shida ya fara juyawa, wajen wata shida kuma ya fara koyon zama. Yara sun bambanta, wani ya riga, wani ya ɗan makara. Wanda ba ya razana da ƙara, ko ba ya bin fuska da ido bayan wata uku, shi ne za a kai a duba. Madiga kuwa a buɗe ake haifar kowa da ita, takan rufe wajen shekara ɗaya da rabi.

Riga-kafi na farawa tun ranar haihuwa, a ƙasashe da yawa da na tarin fuka, na shan inna da na ciwon hanta, sannan a koma a sati na 6, na 10 da na 14. Ranar komawa tana rubuce a katin.

Jikin mai jego

Yanzu mu dawo kan uwa, mu daɗe a kanta. Mahaifar da ta ɗauki ɗa nauyinta ya kai kamar kilo ɗaya bayan haihuwa. Sai ta yi sati shida tana tsukewa kafin ta koma kusan yadda take. Shi ya sa mara take murɗawa a kwanakin farko, musamman lokacin shayarwa, domin tsotson jariri yana sa mahaifa ta matse, wannan kuma yana rage zubar jini. Wurin da mabiyiya ta rabu da mahaifa rauni ne babba, ko da yake ido ba ya ganinsa. Da a waje raunin yake, babu wanda zai ce wa matar nan ta tashi ta kama aikin gida a kwana na uku.

Jinin haihuwa yana ɗaukar sati huɗu zuwa shida. Yana farawa ja, ya koma ƙasa-ƙasa, ya ƙare fari-fari, kuma kullum raguwa yake. Idan ya ƙaru har yana jiƙa audugar mata cikin awa ɗaya, ko manyan gudaji na fita, ko jiri na ɗibarta, wannan gaggawa ce. Zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma cikin 'yan awoyi yake yin ɓarna. Zazzaɓi da jini mai wari na nuna cuta a mahaifa. Ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi na iya zama hawan jini, wanda ke kai wa ga jijjiga ko da bayan an haihu lafiya. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya riƙa sarƙewa, shi ma asibiti nan take.

Wadda aka yi wa ɗinki ta riƙa wanke wurin da ruwa mai tsabta tana busar da shi. Wadda aka yi wa aiki kada ta ɗaga abin da ya fi jaririnta nauyi har sati shida, amma ta riƙa ɗan takawa tun kwanakin farko, domin kwanciya kullum tana sa jini ya daskare a jijiya. Ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa, ta ci gaba da shan maganin ƙarin jini idan an ba ta. Idan nono ya kumbura ya yi ja da zafi, kada ta daina shayarwa, kuma idan zazzaɓi ya shiga ta je a duba. Fitsarin da ke ɗan kuɓucewa lokacin tari ko atishawa yakan yi sauƙi idan tana matse gabanta kamar mai riƙe fitsari, ta saki, sau da yawa a rana. Wanda yake zuba dare da rana ba tsayawa kuwa yoyon fitsari ne, kuma ana yi masa aiki a warke. Kada kunya ta sa a ɓoye shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba uwa da ɗa cikin awa 24 na farko, da kwana na uku, da tsakanin kwana na 7 da na 14, da kuma sati na shida. Ku lura, uwa da ɗa aka ce. Mace takan kai ɗanta awo ta dawo ba a gwada jininta ba, saboda ba ta ce komai ba. Ki buɗe baki ki ce, "Ni ma a duba ni."

Zuciya ma tana jego

A kwana na uku zuwa na biyar mata da yawa sukan ji kuka yana zuwa musu ba dalili, ga saurin fushi. Sauyin jiki ne da rashin barci, kuma yakan wuce cikin sati biyu. Amma akwai wanda ba ya wucewa. Fiye da mace ɗaya cikin goma tana shiga ciwon damuwa bayan haihuwa: ba ta jin daɗin komai, barci ya ƙi zuwa ko da jariri ya yi barci, tana ganin ta gaza, wani lokaci ma ba ta jin son ɗaukar ɗan. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne a ce wa irin wannan mace ba ta da godiya, ko raki ne. Ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana da magani. Idan ta fara maganar cutar da kanta ko jaririn, ko tana faɗin abin da babu shi, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.

Maigida, ka karɓi jaririn bayan ya sha nono, ka ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ita ta samu barcin awa biyu a jere. Ku kuma zauna ku yi maganar tazara kafin sati shida su cika. Shayarwa tana hana ciki ne kawai idan abubuwa uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da ɗaya ya faɗi, kariyar ta tafi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar ciki.

Aikin aji

Ku rubuta amsa a littafinku. An haifi jaririya da kilo 3.5. Giram nawa ke nan? Idan a kwana na huɗu sikeli ya nuna giram 3300, akwai damuwa ko babu? Wane nauyi ake sa ran ta kai a wata biyar?

Sannan ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya ƙirga numfashin abokin zamansa na minti ɗaya, ku rubuta lambar, ku yi musanya. Wanda yake da katin awon ɗansa a gida ya zo da shi zama na gaba, za mu karanta layin tare.