Yadda ake sauka a sansanin gidajen tafi-da-gidanka a Birtaniya ba tare da ka matse wa maƙwabci ba

Da zarar bazara ta shigo a Birtaniya za ka ga hanyoyin Cornwall da Wales da Lake District sun cika da motoci suna jan ɗaki a baya, wato karafan, ga kuma manyan motocin nan da ɗakin ke jikinsu, gado da kicin da banɗaki duk a ciki. Mutanenmu da ke zaune can sun fara shiga harkar, wasu haya suke ɗauka na kwana uku ko sati su kai yara su sha iska, kuma abu ne mai daɗi wallahi, sai dai sansanin da ake sauka yana da tsarinsa, kuma babban abin da ke haɗa sabon zuwa da masu kula da wuri shi ne tazara. Ga yadda za ka yi tun daga shigarka har fitarka.

Mataki na farko, tun kafin ka bar gida. Wajen kama wuri ta intanet ko ta waya ka faɗi gaskiyar tsawon abin da za ka zo da shi, har da ƙarfen gaba da ake maƙalawa a mota, ka faɗi ko za ka kafa rumfa a gefe, da ko akwai mota ta biyu ko ƙaramin tanti na yara. Da wannan bayanin suke zaɓa maka fili. In ka ɓoye rumfar don ka rage kuɗi, ranar da ka iso filin ba zai ɗauke ka ba kuma ba wanda zai matsa maka. Ka tambayi lokacin shiga, yawancin wurare sai rana ta yi tsaka, sha biyu ko ƙarfe ɗaya, saboda masu tafiya su fita tukun, hanyoyin ƙauyen nan ƙanana ne karafan biyu ba sa iya wuce juna.

Na biyu, kana shiga ka tsaya ofis, kada ka zarce. Su ne za su ce maka ga lambar filinka ko kuma je ka zaɓa ka dawo ka faɗa mana. A ciki gudu ba ya wuce mil 5 a awa, kusan tafiyar ƙafa ke nan, saboda yara na yawo da kekuna suna ɓullowa daga bayan motoci ba sallama. In hanyar mai bi ɗaya ce to ka bi kibiyar ko da filinka na nan kusa ta ɗaya hannun.

Na uku shi ne zuciyar maganar, tazara, kuma a nan zan daɗe.

Ƙa'idar da aka sani a Birtaniya mita 6 ce, kusan ƙafa 20, tsakanin bangon karafan ɗinka da bangon na maƙwabcinka. Ba wani mai sansani ne ya ƙirƙiro ta don ya takura mutane ba. Akwai dokar wuraren ajiye karafan ta 1960 wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da lasisi da gindaya sharuɗɗa, sannan a 1983 gwamnati ta fitar da tsarin da ake koyi da shi a sansanonin masu yawo, a ciki aka ce mita 6 tsakanin iyali da iyali. An yarda mota ko rumfa su shiga cikin wannan tazarar amma dole a bar mita 3 fayau ba komai a ciki. Manyan ƙungiyoyin masu yawo da karafan guda biyu, Caravan and Motorhome Club da aka kafa a 1907 da Camping and Caravanning Club da ta samo asali a 1901, duk suna riƙe da maganar mita shidan nan a wurarensu, kuma masu kula da wuri ba sa jin kunyar ƙwanƙwasa maka ƙofa su ce ka gyara.

Dalilin gobara ne, ba wani abu ba. Ka duba da me aka yi karafan: bango siriri na alminiyom ko roba, a tsakiya soso, ciki falanki da katifu da labule, sannan ga tukunyar gas ɗaya ko biyu a akwatin gaba. In wuta ta kama irin wannan cikin 'yan mintuna ta cinye shi, kuma zafin da ke fitowa kaɗai ya isa ya narkar da tagar roba ta maƙwabci ya kunna masa labule ko da harshen wutar bai taɓa shi ba. Sansanonin kuma yawanci a bayan gari suke, kafin 'yan kwana-kwana su iso an jima. Duk wanda ya tuna gobarar Mina ta 1997, lokacin da wuta ta bi tantunan alhazai ɗaya bayan ɗaya iska na kora ta, mutum fiye da 300 suka rasu, ya san abin da cunkoso ke yi in wuta ta tashi. Wannan fegin ciyawar da kake gani tsakaninka da maƙwabci kana ganin kamar asarar wuri ce, shi ne lokacin da za ka samu ka fitar da yaranka da daddare.

To yaya ake aunawa? A wurare da yawa akwai ɗan turke da aka kafa a bayan kowane fili, an riga an yi lissafin, kai dai a ce maka wace kusurwar karafan za ka daidaita da turken. Ka tambaya a ofis, kada ka yi kintace, domin in ka kauce da mita ɗaya ka cinye tazarar wanda zai zo gobe. In fili ne na ciyawa ba alama, kamar ƙananan gonakin nan da ake ba izinin karɓar karafan biyar kacal, ka sauko ka taka da ƙafa, manyan taku bakwai zuwa takwas na babban mutum daga bangon maƙwabci, in kana shakka ka ƙara ɗaya. Kuma ka yi lissafin rumfarka tun kafin ka kashe mota: faɗin karafan ya haura mita biyu, rumfa ta ci wajen mita biyu da rabi, motarka kusan mita biyu, sai igiyoyin rumfa da ke miƙewa waje. Ka tabbata bayan an kafa komai akwai mita ukun nan tsakanin ƙarshen kayanka da farkon kayan wani.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne ƙofa. Karafan ƙirar Birtaniya ƙofarsa na hagu, wanda aka shigo da shi daga Jamus ko Faransa sau da yawa tana dama. In ka yi ribas kamar kowa alhali ƙofarka na ɗaya gefen, sai ka wayi gari rumfarka na kallon rumfar maƙwabci, kuna shan shayi kuna kallon cikin idon juna, tazarar kuma ta mutu. Maganinsa ka shiga da gaba maimakon ribas in sun yarda, shi ma ka tambaya.

Sai maganar da ta shafe mu kai tsaye. Mu mutane ne masu son zama tare, in gida uku suka fito tafiya, yaya da ƙani da aminin gida, abin da zuciya ke so shi ne a jera motoci a kewaye a haɗa rumfuna a shimfiɗa tabarma a tsakiya. Na fahimci wannan sarai amma dan Allah a haƙura. Wuta ba ta san ɗan'uwa ba. Ku nemi filaye maƙwabtan juna tun wajen kama wuri, kowa ya tsaya a nasa, a taru a ci abinci a rumfar mutum ɗaya, in an tashi a kwashe kujeru da teburi daga tsakiya kafin a kwanta. Kada a ɗaura tampol daga wannan mota zuwa waccan, gada ce kuka gina wa wuta.

Na huɗu, daidaita zama. In ƙasa ta karkata ka hau da tayar gefen da ya yi ƙasa kan matakin roba, ka ja birkin hannu, ka sa waigi. Ƙafafu huɗun nan na kusurwar karafan don hana girgiza aka yi su, ba jak ba ne, kada ka ɗaga nauyi da su. In kana ribas wani ya tsaya maka a inda kake ganinsa a madubi, da hannu zai yi maka nuni, ba sai an yi ta ihu duk sansani ya fito kallo ba.

Na biyar, wutar lantarki da gas. Ka fara sa wayar lantarkin a jikin karafan tukun sannan ka kai ɗaya bakin wurin turken lantarki, in za ka cire kuma ka fara daga turken, don kada ka riƙa yawo da waya mai wuta a hannu kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Wayar yawanci mita 25 ce, ka warware ta duka ko da turken na kusa, wayar da aka bari a naɗe tana ɗaukar zafi har ta narke. Kada ka ratsa da ita ta filin wani ko ta kan hanya. Ka san ƙarfin da aka ba ka: amp 16 a kan bolt 230 ya kama wat 3,680, butar lantarki ta gida kaɗai tana iya jan 3,000, ka haɗa ta da hita sai wuta ta ɗauke, wani lokacin har da ta maƙwabta. A Faransa ma za ka tarar da wuraren da amp 6 ko 10 kawai suke bayarwa.

Tukunyar gas ta zauna a akwatinta a tsaye, kada a toshe ramukan iska na ƙasan akwatin. Ka duba ta ina bututun hayaƙin hita da na firji suke fita, kada su hura cikin rufaffiyar rumfa. Ga kuma wadda ba na gajiya da faɗa: murhun gawayi ba ya shiga rumfa ko tanti ko ɗaki, ko da ka ga kamar ya mutu. Gawayin da ke hucewa yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutane sun mutu a cikin barci a sansanoni saboda sun jawo abin gashi ciki don jin ɗumi ko gudun ruwan sama. Ka gasa namanka a waje nesa da bango, ka lura da inda iska ke kai hayaƙin, in tana kai shi kan shanyar maƙwabciya ka matsa. Ka sa na'urar jin hayaƙi da ta iskar guba, ka gwada batirinsu, ka zaga ka ga inda kayan kashe gobara na sansanin suke tun da rana. Lambar gaggawa 999 ce, 112 kuma tana aiki a can da sauran ƙasashen Turai, ka riƙe sunan sansanin da lambar unguwarsa a ka.

Na shida, zaman tare. Filin da mutum ya biya gidansa ne na waɗannan kwanakin ko da ba katanga, saboda haka ba a ratsawa ta ciki don a yanke hanyar banɗaki, ka koya wa yara wannan tun ranar farko, ƙwallo kuma a filin wasa. Daga wajen sha ɗaya na dare zuwa bakwai na safe shiru ake so, kuma bangon karafan ba ya tare sauti, hirar da kake yi a waya da 'yan gida ana jin ta fili uku gaba. Lokacin bazara asuba na yi da wuri sosai a can, kai za ka tashi kowa na barci, to ka tanadi ruwan alwala a buta tun dare, ka kashe ƙararrawar waya da sauri, ƙofar mota mai zugewa ɗin nan kuma ka riƙe ta da hannu biyu ka rufe a hankali, don ƙararta da tsakar dare kamar an ja ƙofar shago ce. Fitilar waje a kashe ta in za a kwanta. Janareta sai inda aka yarda kuma a lokacin da aka yarda.

Ruwan wanke-wanke a tara shi a tankinsa a kai magudanar da aka ware, ba a sakinsa kan ciyawa. Akwatin banɗaki yana da nasa ramin daban da nasa famfon, kada ka kuskura ka ɗauraye shi a famfon ruwan sha, wannan laifi ne da ba a yafewa a sansani kuma da gaskiyarsu.

In ka tsallaka Faransa ko Jamus da mota mai ɗaki za ka ga wuraren kwana na gefen gari inda motoci ke jeruwa kusa-kusa kamar a tasha. Waɗannan wurin ajiye mota ne, ba sansani ba, a da yawansu ba a fito da rumfa ko abin gashi. Ko a nan ka bar iya tazarar da wurin ya ba ka, aƙalla ƙofar kowa ta buɗu sosai, kuma ka tsaya yadda za ka iya fita da gaba ba sai wani ya matsa ba.

Ranar tafiya yawanci kafin sha biyu ake so ka bar fili. Ka rufe gas daga kan tukunya, ka cire waya daga turke ka naɗe, ka ɗaga ƙafafun kusurwa, sannan ka zaga filin a ƙafa kana duba ƙasa, domin turakun rumfa na ƙarfe suna ɓuya cikin ciyawa su fasa tayar mai zuwa ko su lalata injin yankan ciyawa. Ka kwashe shara ka kai inda aka ware, ka leƙa ofis ka ce musu filin ya zama fanko.