Yadda za ka gina wa ɗan kasuwa shafin intanet da zai buɗe a wayar kwastomansa

Yawancin matasan da suka koyi haɗa shafin intanet, aikin kuɗi na farko da suke samu na ɗan kasuwa ne: mai atamfa a Kantin Kwari, mai turaren wuta, mai takalma. Kuma kusan duk a rami ɗaya suke faɗawa. Yaro ya zauna da laftof a inda sabis yake da ƙarfi, ya ƙawata shafi da hotuna masu zamewa da rubutu mai tashi sama, ya kai wa Alhaji ya nuna masa a laftof ɗin, Alhaji ya ce masha Allah, ya biya. Bayan kwana biyu Alhaji ya tura wa wata kwastomarsa a Gusau adireshin shafin. Ta danna, farin fili ya tsaya mata, ta jira, ta gaji, ta dawo WhatsApp: "Alhaji abin nan ba ya buɗewa, turo min hotunan kawai." Daga ranar shafin ya mutu, kuma Alhaji zai gaya wa duk 'yan layinsu cewa harkar ɓarnar kuɗi ce.

Ba zan koya maka HTML da CSS a nan ba, na ɗauka ka iya. Abin da ke biye shi ne tsarin aikin.

Da farko, nemi wayar gwaji

Kafin ka rubuta layi ɗaya, je Farm Centre ko duk kasuwar wayar da ke garinku ka sayi ƙaramar Itel ko Tecno ta hannu, irin mai RAM 2GB, ko da fuskarta ta tsage. In babu kuɗin, ari ta ƙanwarka. Itel da Tecno da Infinix duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a China, kuma su ne suka fi yawa a hannun mutanen Afirka. Ƙananansu da dama Android Go ke kansu, wanda Google ya fitar a 2017 don wayoyi marasa ƙarfi. Sa mata Chrome da Opera Mini duka biyu. Opera Mini, in an sa shi a matakin tsimin data mafi tsanani, a can kwamfutocin kamfanin ake sarrafa shafi a matse shi kafin ya iso waya, saboda haka yawancin abin da ka jingina wa JavaScript ba zai yi aiki yadda ka zata ba.

Wannan wayar ita ce alƙalinka har a gama aikin, da datar layi, ba wayfai ba. Ka tuna a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Matar da ta sayi data ta kwana ɗaya tana lissafe da kowane megabait.

Na biyu, zauna a shagon

Yini ɗaya ya isa. Saurari abin da masu kira suke tambaya. Za ka ji bai wuce huɗu ba: akwai kala kaza, nawa ne turmi, kuna turowa garinmu, ina shagon yake. Shafinka amsar waɗannan ne, shafi ɗaya tal: suna, kaya da lambar kowanne, farashi, maɓallin WhatsApp, kwatancen shago. Ban da rajista, ban da kalmar sirri, ban da kwandon sayayya. Ba wanda zai buɗe asusu da imel don ya sayi yadi biyar na shadda, alhali ya saba ciniki da baki.

Alhaji zai ƙi a sa farashi, saboda dala na hawa da sauka kuma maƙwabta na leƙe. Kada ka yi ja-in-ja da shi, a rubuta "daga naira kaza" a wuce wurin.

Na uku, hotuna, inda ake yin asarar

Ƙa'idata ita ce: duk abin da waya za ta sauke kafin mutum ya fara ganin kaya kada ya wuce kilobait 500. Ba a littafi na gani ba, amma ban taɓa sassauta wa ɗalibi ita ba. Hoto ɗaya da kyamarar waya ta ɗauka yakan kai megabait 3 zuwa 5. Yi lissafi da kanka: hoto 30 a kan megabait 4, megabait 120 ke nan a buɗewa ɗaya. Ka ɗora wa jaki kayan tirela, sannan kana mamakin ya durƙusa. Hotuna 30 ɗin nan, in kowanne ya dawo kilobait 80, duka-duka megabait 2 da ɗoriya ne.

Ka ɗauki hotunan da kanka, da hantsi, a bakin shago inda hasken rana ke shigowa amma ba ya dukan kayan kai tsaye. Fitilar cikin shago tana mayar da farar shadda ruwan madara, shuɗi ya koma wani abu daban, kaya su isa Gusau a ce ba kalar da aka gani ba ce. In dole yaron shago ne zai turo maka, ya turo su a matsayin fayil. Hoton da ya bi ta WhatsApp yadda aka saba an riga an matse shi, in ka sake matsewa sai zanen atamfar ya dagule.

Sai rage girma. Faɗin fiksel 800 ya wadatar da kowace waya. Na jeri, waɗanda ake gani biyu-biyu a layi, 400 ya isa. A nan sababbin shiga suke yaudarar kansu: sai su bar hoton a fiksel 4000, su rubuta a CSS cewa ya fito ƙarami. A ido ya ƙanƙance, amma wayar sai ta sauke dukkan megabait ɗin, sannan ta yi ta fama da shi a ɗan RAM ɗinta har ta ɗau zafi. Fayil ɗin kansa za ka rage.

Buɗe Squoosh, shafin rage nauyin hoto, a burauza, kyauta ne, na mutanen Google Chrome, kuma yana aiki har a waya. Jefa hoton, sa faɗin, zaɓi WebP, wato tsarin fayil ɗin hoto mara nauyi, ja ingancin zuwa wajen 70. Akwai layi a tsakiya da za ka ja hagu da dama ka kwatanta na asali da sabon. Yi wannan kwatancen, kada ka yi ganganci. Shadda mai kala ɗaya tana matsuwa cikin sauƙi, za ka iya samun ta a kilobait 40. Leshi kuwa da ƙananan ramukansa da duwatsu ba ya yarda, in ka matsa masa sai ya zama kamar an shafa masa ruwa, kuma leshi don aikin jikinsa ake sayensa. Bar shi ya kai 120, ka rama a wani wurin. Na fi son hoto biyu ga kowane kaya, ɗaya na turmin gaba ɗaya, ɗaya daga kusa har a ga saƙar zaren. Na kusan ya jira sai an taɓa na farkon.

Abu uku suka rage a cikin rubutun shafin. Kowane hoto ka sa masa `loading="lazy"`, don kada ya sauka sai mai kallo ya gangaro kusa da shi, amma ban da na can sama da ake fara gani. Kowanne ka rubuta masa faɗi da tsawo, in ba haka ba shafin zai riƙa tsalle yayin da hotuna ke isowa, mace ta kai yatsa kan jan leshi ta danna kore. Na uku, cire hotunan nan masu zamewa da kansu a saman shafi, da bidiyon da ke tashi ba a kira shi ba. Alhaji zai so su, ka nuna masa a ƙaramar wayar, shi da kansa zai ce a cire.

Sannan ga abin da ba a gaya wa kowa: shafin da ka miƙa da sauƙinsa, wata biyu zai yi nauyi, domin sabon kaya ya zo kuma yaron shago ya loda hotuna kai tsaye daga kyamara. Ko ka haɗa abin da zai riƙa rage su da kansa, ko ku yi yarjejeniya kai za ka riƙa sa sababbin kaya duk wata a biya ka. Ni na biyun nake zaɓa, ɗan kuɗin wata-wata ya fi na aikin farko albarka.

Na huɗu, rubutu

Yi amfani da salon haruffan da ya zo da wayar. Salon haruffan da ake saukowa daga waje ƙarin nauyi ne, kuma da yawansu ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka ga akwati ko wani harafi bare a tsakiyar kalma. Tabbatar shafin yana kan UTF-8, ka sa `lang="ha"`. Shafi irin wannan ba ya buƙatar React. In WordPress ka iya, to, amma ɗauki jigo (theme) mara nauyi, ka guji tara masa ƙarin manhajoji goma sha.

Na biyar, maɓallin WhatsApp

Adireshin shi ne wa.me, sai lambar waya da lambar ƙasa, babu alamar tarawa, babu sifirin farko: 234 a Najeriya, 227 a Nijar. Sifirin nan shi ne kuskuren da aka fi yi. Ƙara `?text=` da saƙon da zai fito a rubuce, kamar "Salam, ina son lamba 14", kowane kaya da nasa, don yaron shago ya san abin da ake magana a kai ba sai ya ce a turo hoto ba. Maɓallin ya yi girman da babban yatsa zai same shi.

Batun biya, kada ka wahalar da kanka a farko. Tiransifa mutane suka saba, ta banki ko OPay ko Moniepoint, kuma a hira za a ba da lambar asusu. Ka dai ja kunnen yaron shago ya duba kuɗin a cikin manhajar banki, hoton alat ba shaida ba ne. In ciniki ya bunƙasa sai a haɗa Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015 wanda Stripe ya saya a 2020, ko Flutterwave. Suna cire kasonsu a kowane biya, ka gaya wa Alhaji tun kafin ya gani da idonsa.

Sauran aiki

Sayi sunan shafi mai ƙarewa da .com.ng daga dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunaye masu .ng, ta amince da su, da naira ake biya kuma ya fi .com araha. Da sunan Alhaji da imel ɗinsa za ka yi rajistar, ba naka ba, don kada wata rana a ce ka riƙe wa mutum dukiya. Masauki kuwa, wato inda za a ajiye shafin a intanet, shafi irin wannan kyauta ne a Cloudflare Pages ko Netlify, har da makullin https. Sa ɗan hoto da taƙaitaccen bayani da za su fito in an tura adireshin a WhatsApp. Gwada a PageSpeed Insights, mai auna saurin buɗewar shafi, ɓangaren waya kaɗai za ka kalla. Daga nan ɗauki wayar gwajin ka shiga can cikin kasuwa inda sabis ke wahala, ka buɗe a Chrome da Opera Mini, ka danna kowane maɓalli.

Karɓi rabin kuɗinka kafin ka fara, sauran ranar miƙawa. Ka rubuta ranar da sunan shafin zai ƙare a wayarka da ta Alhaji, domin duk shekara ake sabuntawa.