Darasi na 7: Lambobin jikin madubin hangen nesa, da yadda maharbi zai zaɓi nasa

Jama'a darasin yau lissafi ne, amma lissafin da zai bi ku har cikin daji. Da yawanku maharba ne ko 'ya'yan maharba, wasu makiyaya ne, kuma kusan kowa ya taɓa riƙe madubin hangen nesa ko da na aro ne, ko dai mai ido biyu da ake ratayawa a wuya, ko kuma mai ido ɗaya da ake ɗaurawa a saman bindiga don saiti. In kun juya shi za ku ga wasu lambobi a jikinsa, kamar 8x42 ko 10x50 ko 3-9x40. Yawancin mutane sai su duba wanda lambarsa ta fi girma su ce shi ne mai kyau, su biya kuɗi su tafi. Toh wannan kuskure ne, kuma shi nake so mu gyara yau.

Mu fara da 8x42. Ku rubuta shi a littafinku babba-babba. Lambar farko, wato 8, tana gaya maka sau nawa madubin zai jawo maka abu kusa. Barewa tana tsaye a mita 200, ka ɗora madubin a ido, zaka ganta kamar tana mita 25, saboda 200 a raba gida 8 ya ba da 25. Lamba ta biyu, 42, faɗin gilashin gaba ne a milimita, wato babban gilashin nan da yake kallon daji, ta nan haske yake shiga. In kana da rula ka auna da kanka zaka ga santimita huɗu da ɗan kai. Shikenan, ba wani asiri.

Na bindiga kuma sau da yawa lambobi uku ne, 3-9x40. Wannan ƙaramin layin da ke tsakanin 3 da 9 yana nufin akwai zobe a wajen ido da zaka murza, ka fara daga ninki 3 ka ƙara har ninki 9, sai 40 ɗin faɗin gilashin gaba. Irin wannan shi ne aka fi sani a wajen masu farautar barewa a Amurka, kusan shi ne na kowa da kowa a can, kuma dalilin ba boyayye bane, yana aiki a kurmi yana aiki a fili.

To me yasa ba za a sayi mai ninki 20 kawai a huta ba? Ai duk abin da ninki ya ƙara maka sai ya karɓi wani abu a hannunka. Abu na farko da yake karɓa shi ne faɗin wurin da kake gani. Madubin 3-9x40 in yana kan 3, a nisan mita 100 zaka ga fili mai faɗin kusan mita 10 ko 11, dabba da bishiyar da ke gefenta da abin da ke bayanta duk suna cikin idonka. Ka murza zuwa 9, filin nan ya tsuke ya koma wajen mita 4. Ka zama kamar mai leƙe ta hudar makulli. Yanzu a ce gada ce ta zabura daga cikin gamba a mita 30 gabanka, kai kuma madubinka yana kan 9, wallahi abin da zaka gani ciyawa ce kawai ta cika maka ido, kafin ka laluɓo inda take ta shige sarƙaƙiya. Mafi muni ma shi ne ba zaka ga yaron da ya biyo awakinsa ta gefe ba, ko abokin farautarka da ya zagayo ta ɗaya ɓangaren. Wannan ne ya fi damuna a duk maganar nan, dabba in ta tsere gobe ma rana ce, amma rai in ya tafi ba ya dawowa. Shi yasa ƙwararrun maharba suke yawo da zoben a kan lamba mafi ƙanƙanta, sai dabba ta tsaya a nesa, sun samu wurin jingina, sannan su ƙara. Dabbar nesa tana baka lokacin murza zobe, ta kusa bata baka.

Sai rawar hannu. Madubi baya zaɓe, yadda ya ninka dabba sau 10 haka zai ninka rawar hannunka sau 10, da numfashinka, har bugun zuciyarka in ka sha tafiya. Ku gwada a gida, ku riƙe mai ninki 8 ku karanta rubutun allon wani shago daga nesa, sannan ku gwada mai 12 ko 16 in an samu, za ku ga rubutun ya fi girma amma sai tsalle yake yi baya karantuwa. Don haka na hannu dai 7 ko 8 ko 10, in ya wuce nan sai da abin ɗorawa mai ƙafa uku ko ka jingina da reshe. Ga kuma yanayinmu, da rana tsaka a watan Maris ko Afrilu kawalwalniya tana tashi daga ƙasa, babban ninki ita zai ƙara maka sai kaga komai yana ninkaya, lokacin hunturu kuma hazo ne, shi kam ko ninki nawa ka saka ba zai huda shi ba.

Yanzu ga lissafin da nake so kowa ya iya kafin mu tashi, shi ne na haske. Ka ɗauki lamba ta biyu ka raba da ta farko. 42 a raba gida 8 ya ba da 5 da kwata. Wannan amsar ita ce faɗin ɗigon hasken da yake fitowa ta gilashin baya ya shiga idonka, a milimita. Zaka iya ganinsa ma da idonka, ka miƙe hannu da madubin ka fuskanci sararin sama ta inda babu rana, ka duba gilashin ido daga nesa, zaka ga wani ɗan da'ira mai haske a tsakiya, toh shi ne. Baƙin tsakiyar idon mutum da rana yana tsukewa ya koma milimita 2 zuwa 3, in duhu ya fara sai ya buɗe, na matashi har wajen 7, na dattijo irin su Baba da ke zaune a gaba yawanci baya wuce 5. Kenan ƙaramin madubi 10x25, wanda amsarsa 2 da rabi ce, da rana lafiya lau yake nunawa, amma da sanyin asuba ko dab da magariba sai ya dushe, alhali lokacin ne namun daji suke fitowa kiwo da shan ruwa. 8x42 ko 10x50 su ne za su riƙe ka a wannan lokacin. Na bindiga ma haka, 40 a raba 9 bai kai 4 da rabi ba, amma in ka sauko kan 6 ya kusa 7, saboda haka in haske ya fara ja baya rage ninki ake yi ba ƙarawa ba. Mutane da yawa akasin haka suke yi.

Wane daji kake shiga? Amsar wannan ita ce zata zaɓa maka madubi, ba bakin mai shago ba. A arewacin Kamaru wajen Garwa, kewaye da gandayen Benuwe da Faro da Buba Njida, akwai yankunan da gwamnati ta ware don farauta da lasisi, baƙi suna zuwa daga Turai da Amurka da rani suna neman ɓauna da gwanki, 'yan ƙasa masu bin sawu ne suke shige musu gaba. Mai neman ɓauna a irin wannan dajin ƙaramin ninki yake ɗaurawa, irin 1-4 ko 1.5-5, don ɓauna a kusa ake haɗuwa da ita cikin doguwar ciyawa kuma in ta ji rauni kanka take yowa, kana buƙatar ganin ta gaba ɗayanta da sauri. Wanda kuma yake farauta a buɗaɗɗen fili kamar na Namibiya ko Afirka ta Kudu inda dabba ke hango ka tun daga mita 200 ko 300, shi ne 3-9 ko 4-12 zai yi wa amfani. Masu ninki 20 zuwa sama na 'yan gasar harbin allo ne da suke kwanciya su ɗora bindiga a kan buhun yashi, ba na mai yawo a ƙafa bane.

Mu kuma a nan gaskiya mafi yawan maharbanmu bindigar toka suke riƙewa ko mai harsashin watsi, wadda aikinta bai wuce mita 30 zuwa 40 ba, zabo da fakara da zomo. Wannan bata buƙatar madubi a kanta ko kaɗan, ɓarnar kuɗi ce, har ma zai rage maka sauri. Abin da zai amfane ka shi ne mai ido biyu a wuya. Kuma ko da kana da bindiga mai madubi, dan Allah kar ka taɓa ɗaga ta don ka duba wani motsi da baka gane ba, domin duk abin da ka kalla ta madubin bindiga toh ka nuna shi da bakin bindiga kenan, in mutum ne fa? Dubawa da na wuya ake yi, sai ka tabbatar dabba ce, ka san irinta, ka ga ba mai ciki ko mai shayarwa bace, ka ga abin da ke bayanta, sannan hannu ya je kan bindiga. Sannan in zaka saita, bar tazarar kamar yatsu huɗu tsakanin idonka da madubin, santimita 8 zuwa 10, in ba haka ba bindiga in ta yi baya ƙarfen zai tsaga maka gira.

Maganar doka kuma ba sai na ja ta ba. A Najeriya tun dokar makamai ta 1959 riƙe bindiga sai da lasisi, har ta toka, kuma wurin 'yan sanda ake nema. Yankari a jihar Bauchi, wadda aka keɓe tun 1956, da Gashaka Gumti, da Falgore a Kano, da gandun W a Nijar, duk ba a farauta a cikinsu. Can madubin wuya kawai ake shiga dashi, ma'aikatan gandun ma shi ne abokin aikinsu wajen ƙirga giwaye da hango masu shigowa ta ɓarauniyar hanya.

In kun je kasuwa ku yi hattara da masu jan gilashi ɗin nan masu araha da ake rubuta musu 60x60 ko 100x100 a jiki. Ku yi lissafin da muka koya, 60 a raba 60 ya ba da 1, in da gaske ne da duhu zaka gani kuma hannu ba zai iya riƙe shi tsaye ba. Yawanci ƙarya ce aka buga, ainihin ninkin bai wuce 7 ko 8 ba. Ka auna gilashin gaba da rula. Sannan ka samu katangar bulo daga ɗan nesa, ka kalle ta da ido ɗaya ta cikin madubin, ɗaya idon a buɗe a waje, da farko zai ɗan ruɗa ka amma in ka natsu hotunan biyu za su hau kan juna, sai ka ƙirga bulo nawa na ido tsirara suka shige cikin tsayin bulo ɗaya na madubi. In 8 ne toh ninki 8 ne ko me aka rubuta. Ka kuma duba da ido biyu na ɗan minti ɗaya, in kaga abu ya rabu biyu ko kanka ya fara sarawa, ajiye musu kayansu, gilasan ciki sun goce. Rana kuma ba a kallonta da madubi ko na ƙiftawar ido, tana ƙona ido, ku ja wa yara kunne a gida.

Aikin gida, ku rubuta amsa da lambobi ku kawo a zama na gaba. Gwanki yana mita 300, da madubi mai ninki 10 a mita nawa zaka gan shi? Tsakanin 8x32 da 7x50 wanne ne zai fi nuna maka da asuba, ku nuna rabawar da kuka yi. Na ƙarshe, kowa ya rubuta layi biyu ko uku a kan dajin da ya saba shiga, kurmi ne ko fili, da nisan da ya saba ganin nama, sannan ya faɗi lambar madubin da zai zaɓa da dalilinsa. Wanda yake da madubi a gida ya taho mana dashi da rula, za mu gwada a katangar makaranta.